Damisar Madam da Yatsun Kawu Arzika

Ni fa ban nemi wanga aiki ba. Gwaggo Hadi ta kama min kunne, wai tunda na ɗan leƙa makarantar lakwal kafin su koro ni da "wi mushe" kaɗai na Faransanci a baki, dole in sa mijinta cikin jarida. To ga shi: bana shekara tara da mutuwar Kawu Arzika, maƙerin azurfa na Matankari.

Madam, matar Baturen kumandan na Dogon Dutsi, na da wata damisar zinariya da takan maƙala ga ƙirji, ba ta kai babban yatsa ba. Wai daga wani gidan ƙira na birnin Faris ta fito, inda tun kakanni suke yi ma sarakuna ado. Kowane ɗigo na jikinta dutse ne da anka dasa da hannu. Sai koren idonta guda ya faɗo. Anka aika gardawan bariki, dogaran kumandan, sunka taho da Kawu.

Kawu ya juya ta, ya sake juyawa, yac ce wanda ya yi wanga abu maƙeri ne ɗan maƙeri. Ya maida idon tsaf. Amma mu nan ba a ba dabba ido a bar ta da yunwa. Sai ya ɗora ta bisa uwar maƙera, ya yanka mata jan zakara. Girmamawa ce fa.

Madam ta ga jini tsakanin duwatsun, ta kwarma ihu. Gaban bariki anka tara gari kallo. Gardi biyu sunka danne hannun Kawu bisa dutse, na ukku ya ɗauki masabarshi. Yatsa bayan yatsa. Har yau in ana fasa goriba sai in bar wurin. Daga nan anka tura shi aikin hanya, hannu na ruɓewa. Bai ga kaka ba.

Da zai tashi yau ya ga 'yan kunnen gwangwani da 'yan mata ke rububi a kanti, tofar da yawu zai yi ya koma. Mundayenshi kuwa suna nan hannun tsofaffi, ko tsagewa babu.

Ran kasuwa wani akawun bariki mai tabarau ya ji ni da Gwaggo muna zancen, ya tsoma baki.

"Inna, jahilci ya kashe shi. Maƙeran Faris ba su zubda jini don ado."

Na buɗe baki zan ba shi nashi, Gwaggo ta riga ni.

"Gaskiyarka, ɗana," tac ce. "Shi ya sa ta ƙi zakaran. Damisarku mutum take ci."