Turmin Basha

Wata Talata, shekarar da na shiga aji uku, Ammu Sabir mai gadi ya hawo samanmu yana haki, ya ce Hanim, mai gidan, tana kiran Mama, kuma ta taho da "abin da take bugawa".

A ɗaki guda muke, can saman wani tsohon gida a Wustul Balad, wato tsakiyar birnin Larabawan da Baba ya zo karatu. Gidan na wani Basha ne da ya yi wa Sarkin Santambul wazirci zamanin jar dara. Jikarsa Hanim kaɗai ta rage, tsohuwa mai sanda, ita da hotunansa da kujerun da ba a zama a kansu. Alfarma ta yi wa Baba, ɗalibin ilimi, ta bar mana ɗakin, bisa sharaɗin kada ta ji motsinmu. Ko 'yar carafke za mu yi ni da ƙanwata, sai mun shimfiɗa tsumma.

Ana nan Mama ta tsinci wata tagulla mai zurfi cikin tarkace. Macen da ta shekara ba turmi, me za ta gani in ba turmi ba? Ta wanke, ta samo ƙafar tebur, ta shiga dakan yaji, daidai saman ɗakin barcin Hanim.

Muka sauka, ga Baba yana makaranta. Tun daga ƙofa Mama ta cire takalmi ta durƙusa, tagullar a gabanta, ni kuwa ina riƙe da bakin zaninta ina tunanin inda za mu kwana.

Hanim ta ƙura wa tagullar ido. Can ta ce, "Ya binti, 'yata, a cikin wannan ake gasa darar kakana ta tsaya. Daidai kansa aka ƙera ta."

"Ma'alish, a yi haƙuri, ranki ya daɗe, wallahi ban sani ba," in ji Mama.

Tsohuwar ta dangwali yajin ta lasa. Sai tari, har Ammu Sabir ya ruga ɗebo ruwa. Na ce shi ke nan, bayan kora har da kisan kai. Da ta sarara ta share ido ta ce, "Tun da nake jin labarin kan nan, yau aka fara zuba masa abu mai amfani. Halas. Ki daka, amma ban da bayan azahar. Kuma rabi nawa ne."

Yanzu 'yan canji ne a gidan. Ni ina wata unguwa, Hayyin Ashir, inji ke niƙa min yaji, ba maƙwabcin da ya taɓa aikowa. Amma har yau in na ji daka, sai na rage murya.