Mayafin da na kai Maiyama

Mun tashi da asuba daga Aliero, ni da yayana, da wata 'yar jaka a kan cinyata da na hana a jefa a but ɗin mota. Saƙon abokin ɗakina ne. Tare muke karatun haɗa magunguna a Indiya. Ni na samu zuwa hutu, shi kuɗin jirgi ya gagare shi, sai ya ba ni tsarabar mahaifiyarsa in kai mata Maiyama.

Motar ta sha dakon albasa kafin mu shiga, don haka ba mu bar gari ba turaren da na fesa ya miƙa wuya. Kuɗin mota kuwa ya ninka yadda na bar shi. Na buɗe baki zan nemi ragi, yayana ya take min ƙafa, wai wanda ya dawo daga waje ba ya ciniki a tasha. Da ya ga yadda muke tayawa a kan tumatir a can, da ya tausaya min.

A Jega muka sauya mota. Kafin ta cika muka ci waina da miya, muka ƙara da soyayyen kifi. Ina ci abokina yana faɗo min a rai. Duk sanda naira ta faɗi, abin da ake turo masa sai ya ƙanƙance kafin ya shiga hannunsa. Sau ɗaya yake ɗora tukunya a yini, shinkafa da mai da albasa. Makaranta a ƙafa yake zuwa, sabulu ma sai ya raba shi biyu. A cikin wannan matsin ya riƙa tsakurar canji yana ɓoyewa, har ya sayi mayafi kore. Ranar sayen sai da ya gajiyar da ni a kasuwa, wannan koren ya yi duhu, wancan ya yi haske, ita mahaifiyar tasa kuwa mai ruwan ganyen gero take so. Da zan taho ya ja min kunne: in ta tambaya, in ce ya yi ƙiba.

Muka haye gada muka miƙe kudu, gonaki hagu da dama, direba yana kauce wa ramuka yana yi musu Allah ya isa. Da hantsi muka isa Maiyama. Kawun abokina ya tarbe mu ya kai mu cikin gida.

Mahaifiyar tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta. Abokina ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma tambayarsa kai tsaye. Ta tambayi iyayena, ta tambayi hanya, har damunar Indiya ta tambaya. Can ta sunkuyar da kai.

"Wanda kuka ɗaki guda, shina cin abinci?"

"Yana ci, Inna. Har ƙiba ya yi."

Na miƙa mata mayafin, sai hannunta ya wuce shi ya kama iska. Na sa mata a tafi. Ta shafa shi tun daga wannan baki har wancan, ta kai hanci ta shaƙa.

"Wane launi na, ɗana?"

Sai a lokacin na gane ba ta gani. Na ce kore ne, mai ruwan ganyen gero. Ta yi murmushi ta ce ashe ba a manta ba.

A zaure kawun ya faɗa min sauran. Yanar ido ce ta rufe mata idanu duka biyu, likita ya ce aiki za a yi. An sayar da tumakinta don aikin, a makon kuma maganar kuɗin makaranta ta taso, ta ce a tura can, ido ya jira.

Da muka shiga sallama ta ba ni ƙullin yaji da kuka da daddawa, wai na mutanen ɗakinmu. Ta riƙe hannuna gam.

"Kak ka hwaɗa mai. In yaj ji, barin karatun za ya yi."

Muka kamo hanyar komawa. Na sha yi wa ɗalibai sababbin zuwa bayanin yadda ake tattalin kuɗi a waje, ina ganin ni gwani ne. Tafiyar nan ta nuna min cewa rabin tattalin a gida ake yin sa, kuma masu yin sa ba sa faɗi. Ni da yayana mun yanke shawarar zagaya dangi da abokai a haɗa na aikin kafin hutuna ya ƙare, ban dai san ko zai isa ba.

Muna shiga Aliero da la'asar wayata ta yi ƙara. Shi ne. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Ta ga launin? Ya yi mata?"

Na ce masa ta ce ashe ba a manta ba. Ya yi ta dariya don daɗi, ni kuma na kawar da wayar daga bakina.