Sunan Kyanwa a Kan Teku

Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ɗin Tiga ba kafin in bar Kano, ni ne na zaɓi in yi digiri na biyu a kan kalmomin masunta. Har yau idan na tuna sai in yi wa kaina dariya. Aikin shi ne in kwatanta Turancin ƙauyukan masunta na gaɓar Ingila, irin wanda ko Baturen Landan ba ya ganewa, da maganar masuntan Malaysia. Na Ingila a littattafai na samo su, ina zaune a laburaren jami'armu a Lembah Pantai, nan Malaysia, sanyin na'ura yana cina. Na Malaysia kuwa dole in je in ji da kunnena.

Na tafi gaɓar gabas na yi kwana shida. Don kada a ce aikina na ganin ido ne, sai na ƙi tsayawa a bakin ruwa, na roƙi wasu masunta uku suka ɗauke ni a jirginsu. Tsakanin amai da amai nake ɗaga musu katunan hotuna: koma, igiya, guguwa, sai abubuwan yau da kullum kamar kyanwa, maciji, kada, biri. Su kalli juna, ɗaya ya faɗi kalma, in rubuta. Na dawo ina jin kaina wani gwarzo.

Malamar da ke duba aikina, Bamalayiya ce haifaffiyar birni, ba ta da yawan magana. Ta ajiye babi na uku a gabana ta ce sunayen dabbobin nan ba ta taɓa jin su ba, kuma babu su a ƙamus ko ɗaya. Ta nemi rikodin. Muka kunna, babu abin da ke fita sai rurin injin jirgi.

"Ban ce ka ƙirƙira ba," in ji ta. "Amma idan ba ka kawo mai shaidar su cikin mako biyu ba, sai na miƙa wa kwamiti."

Ai ta faɗa ta gama. Kwamiti yana nufin kora, kora yana nufin biza ta mutu, in koma gida da sunan maƙaryaci. Wannan sunan ya fi komai ƙona min rai, domin wahalar da na sha a jirgin nan Allah ne shaida. Lambar masuncin da na karɓa kuma ta ƙi shiga.

Kwana tara ban iya cin abin kirki ba. Abokin ɗakina, ɗan Zariya mai sayar wa ɗalibai wayoyi, wanda bakinsa ya riga ya kama maganar Malaysia, ya gaji da ganina a kwance.

"Malam, wannan tension ɗin zai kashe ka lah. Tashi mu je kasuwar Chow Kit, ka ga mutane, mu sayi kifi, ka yi makan, ka ci abinci kamar ɗan Adam."

A kasuwar akwai wani tsoho mai kifi da muke ciniki wajensa, ɗan gaɓar gabas ne, ya yi su tun yana saurayi har gwiwa ta hana shi. Ban taɓa tunanin tambayarsa ba, don a kaina shaida sai mai takarda. Yana kankare mana kifi na zaro jerin, na karanta masa kalmar da aka ba ni ta kyanwa da guntun Malayancina. Ya tsayar da wuƙa.

"Ina ka ji wannan?"

Na ce a jirgi.

"A kan ruwa ka tambaye su?"

Na ce e. Ya yi dariya har sai da ya dafa tebur. Ya ce a garinsu masunci ba ya kiran dabbar tudu da sunanta muddin yana kan teku, sai ya sakaya da wani suna, kada ya jawo wa jirgi tsiya. Da na jira sun sauko, da sun faɗa min sunan da kowane yaro ya sani. Ya ce ma sun yi min kara da ba su jefa katunan a ruwa ba.

Kunya ta kama ni, don abin nan yana cikin babina na biyu. Da hannuna na rubuta cewa masuntan Ingila ba sa ambaton alade a jirgi, sai su ce mai murɗaɗɗen bindi. Na haddace shi a kan Turawa, aka yi shi a gabana kwana shida ban gane ba.

Na tambayi tsohon ko zai yarda ya yi wa malamata bayani. Ya goge hannu ya ce, "Boleh," wato ya yarda.

Washegari ta zo da kanta, ta tsaya cikin ƙarnin kifi da takalminta mai kyau, tana karanto kalmomin yana amsawa. Guda biyu ya ce ba na garinsu ba ne, sauran duk ya sani. Ta rufe takardar ta dube ni.

"Na yi maka mummunan zato. Ka gyara babin, wannan shi ne aikin naka."

Na zauna a tashar jirgin ƙasa na monorel, jirgi uku suka wuce ban shiga ba don daɗi. Sai na kira Baba, wanda kullum cikin kwanakin nan nake ɓoye masa halin da nake ciki. Ya tambayi karatu kamar yadda ya saba. Na ce lafiya lau, kuma ran nan gaskiya na faɗa masa.