Aikin da Kawu Ya Samo Mini a Soro

Duk ranar da na sunkuya ɗaukar buta bayana ya amsa, sai abin nan ya dawo mini sabo fil. Ban ga ranar mantawa da shi ba.

Nas ce ni a wani asibitin gwamnati a Katsina, har lokacin da ciwon Baba ya yi tsanani na yanke shawarar komawa gida Gwale a Kano in yi jinyarsa. Da na je sallama da shugabar ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya, wata dattijuwa mai faɗa kamar me, sai ta riƙe mini hannu ta ce, "Sista, kada ki ajiye aikin nan sai kin san inda za ki. Ki tambayi nas-nas ɗin wurin yadda ake riƙe su, ki kai sunanki reshen Kano." Na ce to, a raina ina cewa matar nan akwai son dogon zance. Garinmu fa zan koma!

Kawuna, ƙanin Baba, shi ya samo mini aiki a asibitin kuɗi na wani likita amininsa, wajen Ƙofar Kabuga. A soron Kawu aka yi maganar bayan la'asar, ina durƙushe a gefe. Likita ya ce, "Ai wannan 'yata ce, ta fara gobe." Shi ke nan. Tambayoyi cike da bakina: mu nawa ne a ɗakin marasa lafiya, wa ke ɗaukar nauyi idan ma'aikaci ya ji ciwo? Amma wace 'ya ce za ta titsiye aminin kawunta a gabansa? Na haɗiye, na yi godiya. Da na taɓo zancen ƙungiya daga baya, dariya likitan ya yi ya ce, "Mu nan gida ne, me za mu yi da ƙungiya?"

Gidan kuwa nas ɗaya ake bari a ɗaki guda, ba mai taimako. Wata rana da hantsi wata Hajiya mai jiki, wadda ɓarin jikinta ya shanye, ta zamo daga gado tana shirin faɗuwa. Na ƙwala kira, shiru. Na tare ta ni kaɗai, na ɗaga. Sai na ji ƙas a ƙuguna, ƙafata ta dama ta mutu nan take. Hajiya ta tsira, ni aka kwasa.

Wallahi ba zan yi masa ƙarya ba, likita ya zo dubiya har gida da ledar lemo da ayaba. Ya ce wa Kawu, "Ta huta abinta sai ta warke." Ina kwance ina shi masa albarka, ashe a satin ya ɗauki wata nas a madadina. Da na fara takawa na koma, sai aka ce babu gurbi. Magani da gashin baya kuwa duk a kaina.

Raina ya ɓaci, na ja ƙafa har ofishin ƙungiya. Sakataren ya saurare ni ya ce, "Da kin zo tun farko, da mun san yadda muka shiga. Yanzu ma za mu tsaya miki, in kin yarda a kira likitan." Kafin magariba zance ya kai kunnen Kawu. Ya shigo ko zama bai yi ba ya ce, "Mutumin da ya rufa mana asiri za ki kai ƙara? Mahaifinki na kwance?" Na dubi Baba, ya kawar da kai. Na janye, ina kuka.

Ban sake aikin jinya ba, don ba na iya doguwar tsayuwa. Aikin da na fi so a duniya kenan, kuma har gobe yana yi mini ciwo.

Abin da na koya nake faɗa wa duk nas ɗin da za ta canza gari: ki yi tambayarki tun kina da lafiya, ki nemi 'yan ƙungiyarki kafin ki nemi masauki, ko da asibitin na ɗan'uwanki ne. Kunya ba ta ɗaga mara lafiya tare da ke. Har yau idan muka haɗu da likitan a wajen biki, "'yata" yake ce mini, ni kuwa ko durƙusawa in gaishe shi ba na iyawa.