Matar da ke Fara Littafi daga Ƙarshe

Duk ranar Talata da safe, shekara talatin da ɗaya ke nan, Malama Odessa Tillman takan loda kwalin tsofaffin littattafai a bayan motarta, ta sayi kofi mai zafi, ta nufi gidan da ake kula da masu ƙoƙarin daina shaye-shaye da ke bakin kogin garinmu a Ohio. Aikinta kula da ɗakin karatu ne. Wannan zirga-zirgar babu wanda ya sa ta. Ranar Juma'ar nan take yin ritaya.

Marubutanmu na Amurka gwanaye ne wajen kwatanta holewa: kiɗa, rawa, giya kamar ruwan famfo. Sai can ƙarshen labari suke nuna maka gidan da ya watse da mutumin da kowa ya guje shi. A shekararta ta farko Malama ta fara karanta wa mazauna gidan irin waɗannan littattafai daga shafi na ɗaya, kamar kowa. Daɗin holewar da ke cikin labarin ya tayar wa mutum biyu ƙishirwa, kafin Lahadi sun koma mashaya. Abin ya tsaya mata a rai har yau. Tun daga nan, babin ƙarshe take fara buɗewa.

A cikin mazauna gidan, Wendell Pruitt, makaɗin jita da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a mashaya, shi ya fi kowa tsokanarta.

"Haba Malama, wa ke zuwa kallon wasa bayan an tashi?"

"Farkon ai ka haddace shi, Wendell," in ji ta. "Ƙarshen ne ba ka taɓa zama ka karanta ba. Buɗe, ka daina surutu."

Ya buɗe, don yana da dalili. 'Yarsa Shauna za ta yi aure, kuma ta gindaya masa sharaɗi: a al'adarmu uba ne ke riƙe hannun amarya ya shigar da ita coci, amma in ta ji warin giya ko ɗis, kawunta ne zai yi.

Ranar auren, a wurin ajiye motoci, wani tsohon abokin kiɗansa ya cusa masa 'yar kwalba a hannu.

"Kurɓa ɗaya, mutumina. Dubi yadda kake rawar jiki kamar mazari."

Waɗanda ke wurin sun ce Wendell ya daɗe yana kallon kwalbar. Sannan ya mayar masa.

"Na san wannan babin," ya ce. "Na kuma karanta inda yake ƙarewa."

Shi ya shigar da 'yarsa. Shauna ta sunsuna kafaɗarsa a bakin ƙofa, ta fashe da kuka, ta ƙara riƙe shi.

Malama Odessa, ke ce mai nuna rami kafin a faɗa. Ba kowa kika ceto ba, kin halarci jana'iza da yawa, amma Talata ba ta taɓa wuce ki ba. Mun gode, wallahi mun gode. Duk mai littafi da awa ɗaya a mako, ga hanya an share masa.

A Talatarta ta ƙarshe a gidan, aka tambayi wa zai gaje ta. Sai Wendell ya tashi ya sungumi kwalin.

"Daga ina za ka fara?" ta tambaye shi.

"Haba Malama," ya ce. "Daga ƙarshe mana."