Hantar Saude a Cikin Alhaji Lauwali

Shekara ashirin da shida Alhaji Lauwali ya yi a wani ofishin gwamnati a Kazaure, kuma har ya yi ritaya ba wanda zai nuna maka abu guda da ya gyara ban da karin hularsa. Ƙanwarsa Saude, mai yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a Gwiwa, ta fi kowa saninsa. Tun da ya sami kujera mai juyawa ya daina zuwa gidanta, wai warin tunkuza yana kama masa shadda.

Ya daɗe da sanin yana da ciwon hanta, amma ya ce likitocin yanzu yara ne, ya koma shan jiƙe-jiƙen kwalba na tasha. Sai da cikinsa ya zama kamar randa, idanunsa suka yi ruwan ɗorawa da shawara, aka kwashe shi zuwa Kano. Likitoci suka ce hantar ta gama aiki, sai dai dashe, kuma sai an sami ɗan'uwa ya ba da wani yanki na tasa.

'Ya'yansa uku maza ne, duk sun girma. Ya ce kada a taɓa su, yara ne masu makoma. Ya aika mota Gwiwa.

Saude ba ta je don shi ba. Mahaifiyarsu, Inna Tasalla, ita ce ta riƙe mata hannu tana kuka. Aka kai su Indiya, aka yanki hantarta aka dasa masa. Ta dawo da tabo tun daga ƙirji har cibiya, ta yi wata huɗu ba ta iya ɗaga taɓarya. Shi kuwa da ya miƙe, sai ya zauna a majalisarsu ta bakin masallaci yana ba da labarin cewa hantar wani Ba'indiye ɗan kokawa aka sa masa. Labarin ya kai mata har gindin murhu. Ta ci gaba da tuyarta.

An ce masa maganin dashe sau biyu a rana ne, har ƙarshen rayuwa. Maganin ya kumbura masa kumatu, ya sa hannunsa rawa. A lokacin kuma sha'awar takarar kansila ta kama shi. Da aka kawo hoton da za a buga a fasta, wani abokinsa ya yi dariya ya ce kamar ya ɓoye fanke a baki. Ran nan Alhaji ya kulle magungunan a durowa.

Mako uku ya yi yana yaba fuskarsa a madubi. Sai zazzaɓi, sai ƙaiƙayi ko'ina, fitsari ya koma kamar baƙin shayi. Aka sake kwasarsa zuwa Kano.

Saude tana zaune a bakin gadon lokacin da Likita Sophia, wadda ke duba shi, ta shigo da sakamakon gwajin 'yar tsokar hantar da aka ciro da allura.

"Baba, jikinka bai taɓa yarda hantar nan tasa ba ce," in ji ta. "Idan hanta ta ji rauni, tana fitar da wasu ƙananan sinadarai, kemokayin muke ce musu. Aikinsu kira ne. Su ke jawo fararen ƙwayoyin jini, masu tsaron jiki, zuwa wurin. In sun zo sai su far mata, ta kumbura, ta ƙara kira, wasu su ƙara zuwa. Maganin da ka ajiye shi ke hana su."

Alhaji ya gyara kwanciya, ya jinjina kai kamar mai sauraron ƙaramin ma'aikaci.

"Na gane, Likita. Hantar ce ke da surutu. Da ma ta mace ce."

"Ashe ba ta ɗan kokawa ba ce, Yaya?" in ji Saude.

Sai ya nemi a rage fanka.

Kwana goma sha ɗaya ana ɗura masa magani mai ƙarfi ta jijiya kafin kumburin ya sauka. Hantar ta tsira, amma da tabo. Ranar sallama ya kira Saude gefe, ya sassauta murya.

"Ina ganin ya kamata a gwada jinin Hamma, ko da za a buƙaci wata."

Hamma ɗanta ne na fari, direban adaidaita, matarsa da tsohon ciki. Saude ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta gyara mayafi.

"A'a, Yaya."

"Ki tsaya ki ji mana."

"Na ji. A'a."

Ta fita ta nemi motar gida, ba ta jira tasa ba.

Takarar ba ta je ko'ina ba, ko wakilan mazaɓarsa ba su zaɓe shi ba. Yana nan da ransa, kumatu sun dawo, wayarsa tana ƙara safe da yamma ya haɗiyi ƙwayoyinsa a bayan hannun riga. Duk wanda ya yi kuskuren cewa cikinsa na ciwo a majalisa, Alhaji zai zaunar da shi ya yi masa lacca a kan "kamokaye", ya ƙara da cewa shi ya fara jawo hankalin likitocin Kano a kai.