Shagon Malam Garba Ba Zai Zama Rumbun Albasa Ba

Duk wanda ya taɓa shiga shagon mijina ya san butar nan da guntun sabulu da ke bakin ƙofa. Malam Garba mai littattafai, Allah ya ji ƙansa, ba ya duban fuskar mutum sai ya fara duban hannunsa. Kana yi masa sallama, yana amsawa, idonsa na kan yatsunka. Sai ka ji ya ce, "Albasa." Ko kuwa, "Kifi ne wanga, kuma banda." Daga nan ya nuna maka buta. To a kasuwar Malanville wa ke da hannun da ba ya warin ɗayan biyun nan? Wata rana wani babban ɗan duwan, wato jami'in kwastan, ya zo da kakinsa fes, ya miƙa hannu zai ɗauki littafi, Malam ya ce a wanke.

Mutumin ya ce, "Haba Malam, ni ban taɓa albasa ba, ban taɓa kifi ba."

Malam ya ce, "Ranka shi daɗe, ai naka ya fi buƙata. Kayan ƙasa uku ta hannunka sunka wuce tun safe."

Ya wanke kuwa, har gwiwar hannu.

Ni ce Hajo, matarsa. Ban san baƙi ko ɗaya ba, na boko ko na ajami. Madam Salamatu, wadda ta koyar da rabin 'ya'yanku a lakwal, makarantar boko, ita ce ke rubuta abin da nake faɗi, kuma ita za ta karanta muku. In kun ji magana ta yanke ta koma wani wuri, kuka ne ya ci ƙarfina, ba laifinta ba ne. Tun da Malam ya rasu shagon yake a rufe, don ina takaba. Yanzu na fita, na tarar ƙanensa Alhaji Idi ya riga ya yi magana da wani mai albasa na Garou da ke neman wurin ajiya. A tattara littattafai a buhuna, a zuba albasa. Abin da ya sa na kira ku ke nan, ku 'yan zaman Laraba.

Wasu cikinku ba su san yadda zaman ya faro ba. Ni kaɗai yake karanta wa da farko, a tsakar gida, ina tankaɗe yana fassara mini labaran Faransanci da Hausa. Maƙwabciyata ta ji ta katanga, ta shigo da kujerarta, ta ce a maimaita mata da yaren Dendi. Wani mako sai ga mijinta, wai ya zo kiranta, shi ma ya zauna. Da tsakar gida ta yi kaɗan aka koma ƙofar shago, ranar Laraba bayan la'asar, lokacin da mushe-mushe, malaman lakwal, ba su da aji. 'Yan kabu-kabu su jingine babura, mata masu shinkafa su aje kwano, a yi karatu, a yi gardama har a kira magariba.

Ciniki kuwa, kayya! Ban taɓa ganin ɗan kasuwa mai ƙin sayar da kayansa kamar Malam ba. In littafi ya rage guda ɗaya, ya daina zama na sayarwa ke nan. Ku tambayi Alhaji Namadi mai atamfa. Ranar da ya fara zuwa daga Kebbi, ya ga wani littafin tarihi, ya ce a naɗe masa.

Malam ya ce, "Shi kaɗai ya rage."

"To ai shi ɗin nake so."

"In na ba ka, wanda ya zo gobe mi zai karanta? Bango?"

Alhaji ya ce zai ninka kuɗin. Malam ya ce ko da zai haɗa da kamiyon, babbar motar da ta kawo shi, ba ya sayarwa. Ya jawo masa benci ya ce, "Zamna ka karanta nan, ba ko dala." Alhaji ya zauna don fushi, wai ya ga ƙarshen wannan hauka. Yana nan zaune kamiyonsa ya ƙetare gada ya bar shi, sai a gidanmu ya kwana. Da safe Malam ya ce masa, "Ka gani? Da na sayar maka, da yanzu kana Gaya ba ka san kowa ba." Yau Alhaji Namadi ke riga kowa zuwa, kuma kada Allah ya sa ka zauna masa a benci.

Tattali kuma ba a magana. Malam bai taɓa sayen gam ba. Kullun kokona yake ɗiba ya dama, ya liƙe bayan littafi. In na ga koko ya yi ruwa, na san wani littafi ya samu lafiya. Wannan duk na haƙura. Amma wata Laraba ina zaune cikin mata, Mushe Amadu ya ɗaga wani ƙaton ƙamus zai duba kalma, sai na ga bangonsa shuɗi mai zanen tsuntsaye. Na ƙura ido. Sai na gane shi.

Na ce, "Malam! Wanga ba zanena ba ne da na tahi biki Madécali da shi?"

Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Hajo, yana ƙasan adaka, kyankyasai kaɗai ke ganinsa. Yanzu dubi, har mushe na rungume da shi."

Mata suka kwashe da dariya, Mushe Amadu ya aje ƙamus kamar ya taɓa garwashi. Kwana biyu ban yi wa Malam magana ba. Zanen yana nan kan kanta, na yafe.

Amma babban abin da ya yi mana shi ne na ranar baƙo. Malam yana son ya gayyato masu rubuta littattafai, su zo su zauna a benci, mutane su yi musu tambaya ido da ido. Akwai wani labari da muka fi so duka, na wata yarinya Bintu, ɗiyar masunta, wadda jirginsu ya kife da ita ranar da za ta kai wa uwarta magani. Yadda Malam ya karanta mana, wani mai gonar shinkafa ya tsamo ta, ta warke, daga baya ta aure shi, har da tagwaye. Sau da yawa muna sa shi ya maimaita wurin bikin. Sai aka ji wanda ya rubuta shi zai wuce ta nan daga Nijar. Alhaji Namadi ya matsa a gayyato shi. Na lura Malam yana ta kawo dalili, yau zafi, gobe hanya ba kyau, amma jama'a suka fi ƙarfinsa.

Baƙon ya zo, dogo mai tabarau, mai ladabi. Ya yi bayaninsa, aka tafa. Aka ce a yi tambaya. Maƙwabciyata ta miƙe ta ce wa baƙon, "Malam, Allah shi saka maka. Ni tagwayen Bintu nake tambaya, mi anka sa musu suna?"

Mutumin ya cire tabarau. Ya ce, "Waɗanne tagwaye, Inna?"

"Na Bintu mana, da mai shinkafa."

"Wane mai shinkafa? Ai Bintu ta rasu a kogi. Ba a ma ga gawarta ba."

Wayyo, jama'a! Wuri ya ɓarke. Wata ta yi salati, wata ta ce ƙarya yake, ba shi ya rubuta ba. Wani ɗan kabu-kabu ya ce a nuna masa shafin. Madam Salamatu ta karɓi littafin ta duba, ta ɗago ta dubi Malam. Shi kuwa yana ta gyaran wata kanta da ba abin da ya same ta.

Baƙon ya ce, "Malam Garba, mi ya faru da littafina?"

Malam ya juyo ya ce, "A wurinka ta mutu. Nan da anka kawo ta, da sauran numfashi."

Baƙon ya yi dariya har ya share hawaye. Madam kuma ta shiga zaro littattafan da aka karanta mana a baya tana duba ƙarshensu. Ashe sojan nan da ya dawo gida bai dawo ba. Tsohuwar nan da ta ga jikanta ba ta gan shi ba. Shekara da shekaru ba wanda ya mutu a shagon Malam Garba! Masu iya karatu cikinku sun sha kunya, don ashe ba wanda ke kai littafi ƙarshe, kowa ya dogara da bakin Malam.

Da muka koma gida na ce masa, "Malam, har ni?"

Ya ce, "Ke ce mafari. Labarin farko da na karanta miki, yaro ya mutu a ciki, kinka yi kwana uku ba ki ci tuwo ba. Ba mu daɗe da binne namu yaron ba lokacin. Na ce ba za a sake yi miki haka ta bakina ba."

Na tashi na zuba masa ruwan alwala.

Da ciwo ya kwantar da shi a gidan likita, na ga yadda numfashinsa ke yi, na riƙe hannunsa na ce, "Malam, gyara wanga ma mana." Ya yi murmushi ya ce, "Hajo, wanga ba ni ke karanta shi ba." Washegari ya cika.

Shekaranjiya Alhaji Idi ya zo da mai albasar don su auna shago. Sun tarar da ni zaune a bakin ƙofa, makulli ɗaure a haɓar zanena.

Idi ya ce, "Matar Yaya, ki yi wa Allah. Ke ba karatu ba, ba ciniki ba. Mi za ki yi da ɗakin takardu?"

Na ce, "Abin da yayanka ya yi da shi. Shi ma ai ba ciniki yake ba."

"Wa zai karanta?"

"Masu ido. Ni nawa buɗewa da shara da jera benci."

Idi ya dube ni ya ce, "Ashe taurin kai ma ana gadonsa ta aure." Ya sallami mai albasa. Amma ya kafa mini sharaɗi, kuma na yarda, don shi ma yana da hakki a gadon: ranar da Laraba ta wuce ba a yi karatu a ƙofar nan ba, in miƙa masa makulli da hannuna.

To kun ji. Ni dai zan buɗe, ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Madam Salamatu ta ɗauki makon farko, Mushe Amadu na biyu, sauran ku raba tsakaninku. Abu ɗaya na roƙe su: su karanta abin da ke rubuce. Wanda ya mutu a bar shi ya mutu. In na yi kuka ku ƙyale ni, ku ci gaba da karatu, yanzu na san yadda ake haƙurin rashi.

Allah ka ji ƙan Malam Garba. Ka yafe masa ƙaryar da ya yi mana don tausayi, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci. Ka ba ni ƙarfin ƙafar da zan riƙa isa ƙofar nan. Amin.